Tafiyar Baba Gidado

Waya guda gare mu a aji biyar,
fuskarta a tsage daga goshi har haɓa,
sai kwamfutar da hedimasta ya aro mana,
wadda ba ta riƙe caji sai da lallaɓa.
Yara arba'in da bakwai, a nan Kumo,
kowa so yake yatsansa ya taɓa.

Na ce musu: kyamara ido ce da ba ta ƙiftawa,
ku riƙe ta kamar ƙwaryar nono a cike,
ku matse gwiwar hannu a haƙarƙari,
ku rufe baki, ku bar kunne a buɗe.
Manga ya ɗauko mana sama da reshen dogonyaro.
Hajjo ta ɗauko babban yatsanta, minti biyu cur.
Iliya kuwa akuya ya bi har bayan katanga,
muka yi dariya har malamin aji shida ya leƙo.

A sati na uku yara suka zaɓi tauraronsu:
Baba Gidado mai gadi,
mai buga tsohon wilin mota a bakin ofis
tun iyayen wasunsu suna ɗaukar jakar buhu.
Ya sanyo hular sallarsa ranar Talata,
ya zauna a benci kamar mai jiran allura.
Aka tambaya ya amsa, aka sake ya sake,
ya shafa gemu, ya tashi, ya nufi ƙofa,
Dija kuma ta manta ba ta kashe ba.
Sakan talatin da takwas na bayan tsoho:
riga mai faci, silifa,
inuwa tana biye da shi a rairayi.

Ranar tacewa na ce: wannan shiƙar dawa ce,
tsaba a faifai, ƙaiƙayi a ba iska.
Muka yanke tari, muka yanke "to, to",
muka yanke kukan babur ɗin ɗan acaɓa,
muka ɗinke magana da magana
har ba mai gane inda allura ta bi.
Da muka iso wutsiya na ce, ga ƙaiƙayi, a cire.
Dija ta danne linzami da hannu biyu.
"Malama, a bar shi."
"Don me?"
"Ban sani ba. A dai bar shi."
Caji saura kashi huɗu, ba lokacin gardama.
Na bari.

Alhamis muka toshe tagogi da zannuwa,
muka ajiye Baba a kujerar malami.
Ya ji muryarsa, ya rufe baki da hula,
yara suna tafi kamar an ci ƙwallo.
Sai bayan nan ya fito.
Tafi ya mutu. Baba ya miƙe wuya.
"Ku mayar."
Aka mayar.
"Ku ƙara."
Aka ƙara.
Ya ce, "Wannan ai tafiyar mahaifina ce.
Haka yake jan ƙafar hagu in ya taso daga gona.
Shekara arba'in rabona da ita,
ashe tana nan biye da ni,
ni ne ba ni da ido a ƙeya."

A karo na biyar kwamfuta ta ɗauke.
Muka zauna cikin duhun zannuwa, ba mai motsi,
sai fankar cikinta da ke ƙarasa numfashi.
Ran nan an buga tashi a makare, da minti bakwai,
hedimasta ya dubi agogo, bai ce komai ba.

Har gobe ina koyar da yanka,
aikina ke nan, kuma tari tari ne.
Amma in na kai kibiya kan wata wutsiya,
wani shiru, wata ƙofa da ba a rufe ba,
sai hannuna ya yi nauyi,
in waiga benci na uku, ta wajen taga,
inda Dija ke tauna bakin biro.